Gyaran Gidan Kifi a Tafkin Nguru da Fadamun Haɗeja

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu sarakunan ruwa, lawanai da bulamai, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Malamai, ma'aikatan sashen kifi, iyayenmu mata masu sana'ar banda, 'yan'uwana masunta da ɗalibai, barkanku da zuwa.

An ɗora mini magana a kan yadda jama'a za su farfaɗo da kifi a tafkunansu da hannunsu. Zan tsaya ne a ruwan da yawancinmu muka sha, wato fadamun da suka shimfiɗu daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa a tsakanin tuddan rairayi kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. In kun ji na leƙa wata ƙasa, to akwai abin da nake so mu ɗauko daga can ne.

Duk lokacin da masunta suka yi kukan kifi ya yi ƙaranci, maganin da ya fi saurin zuwa bakin hukuma shi ne a sayo 'ya'yan kifi daga gidan ƙyanƙyasa a zuba a tafki. Niyyar mai kyau ce, kuma a sabon dam da babu kifi a cikinsa dabarar tana da amfani. Amma a ruwa irin na Nguru, ni a ganina asarar kuɗi ce. Macen tarwaɗa guda mai nauyin kilo ɗaya tana ɗauke da dubun-dubatar ƙwai a cikinta, saboda haka iri bai ƙare ba. Abin da ya lalace shi ne wurin da za ta zuba ƙwan, da wurin da 'ya'yan za su ci su ɓuya, da hanyar da za su bi su koma zurfi idan ruwa ya janye. Gidan kifi ne ya rushe. Wanda ya zuba 'ya'yan kifi a rusasshen gida kuwa, tsuntsu da tsage ya kai wa abinci.

Bari mu bi kifi cikin shekararsa, ko da yake dattawan da ke gabana sun fi ni sanin wannan. Idan damina ta kankama a ƙasar Kano da tsaunukan Jos, ruwan yakan iso nan a makare. Wajen Agusta yake tumbatsa, ya haura gaɓa ya shiga fadama. Tarwaɗa takan yi ayari da dare, ta bi ruwan da bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwanta a jikin ciyawar da ruwa ya shanye, kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe. Bargi yakan share fili a tsakiyar ciyawa ya yi sheƙa, ya tsaya yana gadin 'ya'yansa. Yauni ma da ciyawa yake haɗa tasa sheƙar, sai dai a saman ruwa take. Karfasa kuwa ɗan rami ake fafewa a inda ruwa bai da zurfi, uwar ta kwashe ƙwan a bakinta har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito, da sun ga haɗari bakin nata suke komawa. Dukkansu abu guda suke nema: ruwa mara zurfi, mai ɗumi, mai ciyawa.

Me 'ya'yan suke ci? Nan ne mutane da yawa ba sa lura. Wannan fadama ta yi wata da watanni a bushe. Shanun Fulani sun yi kiwo a kanta sun bar kashi, ciyawar bara ta ruɓe, rana ta gasa ƙasar har ta dare. Da sabon ruwa ya hau kanta sai duk wannan taki ya narke, ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi ta hayayyafa, kuma su ne abincin farko na ɗan kifi. Ƙasar da ruwa bai taɓa ɗagawa daga kanta ba, ba ta ba da wannan abinci. Ashe bushewar fadama da rani tana cikin abin da ke raya kifi, daidai da cikarta da damina.

Daga Oktoba ruwa yakan fara janyewa. Kifin da ya yi ƙiba a ciyawa sai ya bi ƙoramu ya koma kogi da tafkuna masu zurfi. Wani yakan maƙale a kududdufi, ya zama rabon su na gari. Gaiwa takan shige laka ta kwanta har wata damina. Waɗanda suka tsira a zurfi cikin bazara su ne iyayen kifin baɗi. Masu binciken kifi a kogunan Afirka sun daɗe da tabbatar da abin da kakanninmu suka sani, cewa yawan kamu yana bin faɗin ambaliyar bana da ta bara.

To me ya faru da wannan tsari? A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1992 aka kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Su biyun suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Ga kuma farin 1973 da na 1984 da suka daki yankin gaba ɗaya. Kafin wannan, ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau. Bayansa an yi shekaru da yawa ba ta kai 1,000 ba.

Ba na cikin masu tsine wa Tiga. Birnin Kano yana shan ruwanta, tumatir da shinkafar Kura da Kadawa da ita ake noma su, haka manoman Auyo. Amma a faɗi gaskiya, raguwar ruwa rabin ɓarnar ce kawai. Ɗaya rabin, wanda ya fi wuyar gyara, shi ne sauya wa ruwan lokaci. A da kogin Haɗeja yakan cika da damina, ya kusan ƙafewa da rani. Yanzu ana tare na damina, ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani saboda ban ruwa da famfo. Babban ruwan da ke zuwa da ƙarfi ya wanke hanyoyi ya ragu, laka da yashi suka zauna. Wuraren da suka saba bushewa suka koma dausayi na dindindin, ruwa iya gwiwa ko iya ƙugu, ba ya hawa sosai, ba ya sauka sosai.

Babu abin da kacalla take so kamar wannan. Ciyawar tana nan tun da, a ɗan lungu can da can, ana yanka ta a yi asabari da jinka. Bushewar rani ce take tsare ta, zurfin damina kuma yana nutsar da ita. Da aka ɗauke mata waɗannan biyun sai ta samu sake. Tana yaɗuwa ta sama, domin kai guda yana ɗauke da dubun-dubatar iri da iska ke kwasa. Tana kuma yaɗuwa ta ƙasa, da saiwar da ke rarrafe cikin laka tana tsiro gaba-gaba. Tsayinta yakan ninka na mutum. Inda ta kafu tana rage wa ruwa gudu, ruwan ya ajiye lakarsa, lakar ta zama sabuwar gonar kacalla. Da haka hanyoyin da kogin Haɗeja yake rarrabuwa cikinsu suka toshe ɗaya bayan ɗaya: kogin Kafin Hausa, tsohon kogin Haɗeja, Burum Gana. Ruwan da ya rasa mafita sai ya karkata cikin Marma ya taru a Tafkin Nguru, ya cinye gonaki da makiyaya, alhali mutanen da ke ƙasa wajen Gashuwa suna jiran ruwan Haɗeja bai iso ba. Gari ɗaya yana kukan ruwa ya yi yawa, maƙwabcinsa yana kukan babu.

Shi kifi fa? A gefen kacalla, inda haske ke shiga, ƙananan kifi suna samun mafaka, wannan gaskiya ne. Amma can cikin duhunta, ganyen da ya mutu yana ruɓewa yana shanye iskar da ke cikin ruwa. Tarwaɗa da gaiwa da tufi, masu iya shaƙar iskar sama, su ne ke jurewa. Giwan ruwa, tsage, kawara da faliya, masu son sarari da ruwa mai motsi, sai su ja baya. Kacalla ta kuma kore burugu da roba da bado, ciyayin da kifi ya saba hayayyafa a cikinsu. Kwalekwale ba ya ratsa ta, birgi ba ya buɗewa a kanta. Ta tara sauro da matsattsaku da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, ta zama makwancin jan-baki mai cinye gero da shinkafa. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da hanyar Marma, hekta 58,100, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko da Najeriya ta shigar. Sunan ya shiga littafi, kacalla kuwa ba ta fasa tafiya ba.

Abin da ya fara ja da ita a zahiri shi ne gayya. Ko kafin wata ƙungiya ta zo, garuruwa suna fitowa da adda da lauje su buɗe hanyar jirgi. A farkon shekarun 2000 wani shiri mai suna JEWEL, da tallafin gwamnatin Birtaniya, ya tara garuruwan yankin a teburi ɗaya, na sama da na ƙasa, manomi da masunci da makiyayi, aka yi aikin buɗe hanyoyin ruwa, ciki har da Burum Gana. Ina ganin babban amfanin wannan aiki ya wuce tsawon hanyar da aka share. Mutumin Guri ya zauna da na Bade, kowa ya ga cewa jingar da ya yi don kare gonarsa, ko gaɓar da ya fasa don jawo ruwa, ita ce take kwana a gonar wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kogi ba ya gyaruwa daga gari ɗaya.

Ina so in ɗan daɗe a kan yadda ake yankan, domin gumi mai yawa yana tafiya a banza. Saiwar kacalla tana cikin laka inda babu iska. Ta cikin ganye da kara take shaƙa, har da busasshen kara, domin cikinsa duk ƙofofi ne. In ka yanke ta a saman ruwa, aski ka yi mata, kafin wata guda ta dawo. In ka sa mata wuta ka ƙone na sama kawai, saiwar tana nan da ranta, ka kuma ƙara mata toka. Amma in ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya zauna a nutse, to ka toshe mata numfashi, saiwar ta fara ruɓewa. Sai a koma a sake yanke duk tohon da ya leƙo, sau biyu ko uku a shekarar, kada a bar ko ɗaya ya kai sama ya shaƙo wa sauran iska. Lokacin da ta fara fitar da kai shi ne ta fi rauni, domin ta kwashe abincin da ta tara a saiwa ta kai sama. Abin da aka yanka kuma a fitar da shi tudu. In aka bar shi ya ruɓe a ruwa, ya shanye iskar kifi, ko ya gangara ya toshe wa na ƙasa. Ɗanyen toho dabba tana ci, busasshe ya yi asabari, a ƙasar Senegal da Muritaniya ma, inda madatsar Diama ta jawo musu irin wannan annoba tun bayan 1986, gawayi suke yi da ita.

Ba kuma dole ne a ce sai an share tafki duka ba, wannan ya fi ƙarfin adda. A fara da bakin ƙorama, wato ƙofar da kifi yake bi daga kogi zuwa fadama. Ƙorama guda da aka buɗe tana iya mayar wa kifi da fadama mai faɗin da gayyar shekara ba za ta iya sharewa ba. Dattawan masunta sun san waɗannan ƙofofi da sunayensu, har waɗanda suka cike tun kafin a haifi samarin yau. Kafin a kawo injin yasa, a fara zama da su. Mai tuƙa inji ya san ƙarfe, amma bai san inda ruwa yake bi a 1965 ba.

Wurin da aka kore kacalla kuma kada a bar shi fayau, don za ta dawo. A mayar masa da abin da yake da shi a da. A ƙasar Mali, a fadamun kogin Kwara da ke wajen Mopti da tafkin Debo, mutane suna dasa burugu da hannu, kara-kara, suna bin ruwa yayin da yake hawa. Makiyayi ya samu harawa, masunci ya samu wurin renon kifi. A yankin Yuwaru kuma, bayan farin shekarun 1980 ya kashe dazuzzukan ƙaya da ruwa ke shiga cikinsu, garuruwa sun sake raya dajin Akkagun, suka sa masa doka. Tsuntsaye suka dawo suna sheƙa a kai, kashinsu yana zuba a ruwa yana zama taki, kifi yana taruwa a ƙarƙashi inda taru ba ya shiga. Mu ma muna da irin wannan a Baturiya da gefen Dagona: bagaruwa da giyayya masu jure tsayuwa cikin ruwa. Kowace giyayya da aka sare don itacen banda, an rushe wa kifi ɗaki guda. A nan iyayenmu mata suna da babbar murya, domin murhun banda mai rufi da ke cin itace kaɗan yana cikin aikin gyaran tafki, ko da yake a tudu yake. Gaɓar da ke zaizayewa kuma a dasa mata jema.

Yanzu in zo kan abin da ya fi yankan ciyawa wuya, wato doka a tsakaninmu. Ba a kanmu aka fara ba. A ƙasar Bade, tafkunan rani suna da masu su, ba a shiga sai ranar da aka buɗe, kuma bikin kamun kifi na Gorgoram daga wannan al'ada ya tsiro. A Argungu, inda bikin ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har UNESCO ta karɓe shi cikin al'adun duniya a 2016, baƙi suna kallon dubban mutane da homa da gora suna faɗawa Matan Fada, suna mamakin girman giwan ruwan da ake fitarwa. Sirrin yana cikin sauran watannin shekara, lokacin da Sarkin Ruwa ya hana kowa taɓa wurin. Addini ma ya san wannan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u a matsayin hurumi don maslahar jama'a, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza.

Abin da nake roƙo shi ne kowane gari mai ruwa ya ware hurumin kifi iri biyu. Na farko zurfi guda da ba ya ƙafewa, a haramta shi daga tsakiyar rani har ruwa ya hau, domin iyayen baɗi su tsira. A jefa masa rassan ƙaya daga sassaben gona, yadda ko ɓarawon dare ya ja taru sai ya yage. Masuntan tafkin Nokuwe a Jamhuriyar Benin sun daɗe suna kafa rassa a ruwa, kifi yana kiwo a jikinsu yana ɓuya. Na biyu bakin ƙorama a makonnin farko na sabon ruwa, lokacin da kifi ke fita da ciki cike da ƙwai. Na san a nan ne kamu ya fi sauƙi, kuma a daidai lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, yunwar damina tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ƙaramin abu nake nema ba. Amma tarwaɗa mai ƙwai da aka kama a bakin ƙorama a Agusta, kwandunan kifin Disamba ne aka sayar a kuɗin guda ɗaya.

Mu kuma dubi kayan aikinmu. Dumba da ake jerawa da gura daga gaɓa zuwa gaɓa ba ta barin ko ɗan yatsa ya wuce. In ba za a daina ba, a bar ƙofa a tsakiya. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya koma abin tace tafki. Gamalin da sauran guba suna kashe babba da ƙarami, su bi banda su shiga cikin mai ci. Dokar kamun kifi ta tarayya mai lamba 108 ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma sa iyakar idon raga a milimita 76, wato inci uku. Dokar tana nan fiye da shekara talatin. Ma'aikacin kifi guda ba zai iya tsare ruwan ƙaramar hukuma ba, ko da an ba shi jirgi da mai. Wanda zai iya shi ne mutumin da yake kwana a bakin ruwan, ya san jirgin kowa da tafiyar kowa. A Tafkin Kainji, cikin shekarun 1990, shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus bai iya taɓa matsalar taru mai ƙananan ido ba sai da ya bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa na Yawuri da Borgu. Saboda haka ƙananan hukumomi su rubuta dokar gari ta zama tasu, yadda in Sarkin Ruwa ya ci mutum tara, ba za a je ofishin 'yan sanda a warware ba.

Sai dai in faɗa wa iyayenmu wata magana, tare da neman afuwa. Ikon nan ba zai dawo ba sai da adalci. In hurumi ya zama wurin da ake hana talaka da rana, a sayar wa mai kuɗi da dare, babu wanda zai sake fitowa gayya. Kuɗin ruwa da tara a san inda suke shiga, a faɗa a bainar jama'a, a sayi adda da takalmin ruwa da maganin tsargiya ga samarin da ke shiga kacalla. Baƙin masunta kuma, musamman 'yan'uwanmu da rikici ya raba da Baga da Doron Baga, a zaunar da su cikin shawara. Wanda aka sa dokar da shi ya fi kiyaye ta.

Duk wannan da na lissafa yana hannunmu. Amma zan zama na yaudare ku in na ce ya isa. Matuƙar ruwa yana zuwa yadda kacalla take so, za mu yi ta yanka tana dawowa har ƙarfinmu ya ƙare. Makullin yana can sama, a ƙofofin Tiga da Challawa da shingen ruwa na Haɗeja.

Ku dubi arewacin Kamaru. A 1979 aka gina madatsar Maga da jinga a gefen kogin Logon don noman shinkafa. Ambaliya ta daina isa babban yanki na fadamar Waza, ciyawa mai daɗewa ta mutu, kifi ya ɓace, Kotoko da Musgum da makiyaya suka watse. A 1994 aka fasa jingar a wuri guda aka buɗe wata tsohuwar ƙorama, ruwa ya koma kan kimanin murabba'in kilomita 200. Ba a zuba ɗan kifi ko ɗaya ba. Kifi ya dawo da kansa, masunta suka biyo shi, kuma shinkafar Maga ba ta rasa ruwa ba. Sai dai can ma an ga ɗaya fuskar: mutane suka yi ta haƙa magudanun kamun kifi har suka yi yawa, suna tsiyaye fadamar kafin lokacinta. Ruwa daga sama da doka daga ƙasa, in ɗaya ya ɓace ɗayan ba ya tsayawa.

Mu ma ba yau aka gano wannan ba. Tun 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da ruwa yake samarwa in an bar shi ya shiga fadamun nan, ta noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da yake samarwa a babban aikin ban ruwa na kogin Kano. Suka tarar da cewa a kan kowane mudu na ruwa, amfanin fadama ya ninka na can sau da yawa. A 1993 aka yi taro a Kuru aka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga madatsun da damina don a kwaikwayi ambaliya. A 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka haɗu a Damaturu, aka kafa asusun kula da kogin, daga baya kuma aka tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Takardu sun cika. Abin da ya rage shi ne masunci ya samu kujera a inda ake yanke ranar buɗe ƙofa da ranar rufe ta. Binciken Barbier kuma ya kamata ya kasance a gaban duk mai maganar ƙarasa madatsar Kafin Zaki, domin kogin Jama'are shi ne ya rage yana kawo ambaliya a kan lokacinta.

Na san kalmar ambaliya tana tayar da hankali a nan, kuma da dalili. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Jigawa a 2022, gidaje da gonaki da rayuka, ba zai so a ce masa a ƙara ruwa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ku lura, ruwan da ya tarar da hanyoyinsa a toshe shi ne yake neman gari. Kogin da aka yashe, aka buɗe masa rassansa, yana da fadamun da zai zube a ciki, ya fi sauƙi ga Haɗeja da Auyo a kan wanda kacalla ta shaƙe. Ruwan da aka saki da shiri, da sanarwa, a lokacin da aka sani, daban yake da wanda dam ya amayar don ya cika.

Ga buƙatar da nake ganin za a iya kai wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ba tare da an hana Kano sha ko Auyo noma ba. A ƙarshen rani, bayan an girbe alkama, a rage ruwan da ke wuce shingen Haɗeja na wasu makonni da aka sanar tun da wuri. Ruwa ya ja baya, garuruwa su fito gayya a lokaci ɗaya daga Likori har Nguru, a yanke kacalla a gindi, a kwashe. Sannan a saki ruwa da ƙarfi ya hau kan kututturen ya zauna. Yanka guda da aka yi a haka ya fi guda biyar da kowa ya yi a ranar da ya ga dama. Ranakun kuwa a zauna a tsayar da su tare da wakilan masunta da manoma da makiyaya, a karanta a rediyo da Hausa da Kanuri da Badanci da Fulatanci.

Kuma kada mu je wannan zama hannu rabbana. Kowace tashar jirgi ta kafa turke mai zane a bakin ruwa. Ɗalibi guda a garin ya riƙa rubuta inda ruwa ya kai kowace Juma'a, da kwando nawa aka fitar, da irin kifin da ke ciki, da ranar da aka fara ganin bargi ya yi sheƙa. Littafin makaranta guda ya isa shekara. Bayan damina uku, injiniyan da ke riƙe da ƙofar Challawa zai tarar da mutanen da suka zo masa da lissafin ruwansu a rubuce, gari-gari, mako-mako. Ɗaliban da ke wannan zaure, wannan aikin naku ne, kuma ana iya fara shi Juma'a mai zuwa.